Tarihin Amiba, Cutar Tabki Mai Shiga Ta Hanci

Ya kai mai karatu, ka san yadda tabki yake a ƙasarmu ta Arewa. Idan damina ta sauka, ruwa ya gangaro daga duwatsu ya taru cikin Dallol Mawri. Tabkuna su cika tun daga Matankari da Dogon Dutsi har Kore Mairuwa da Tibiri da Gesheme. Dabbobi su sha, mata su yi wanki, masu garka su yi ban ruwa, magina su kwaɓa ƙasa. Yara kuwa, da rana ta take, sai su tuɓe riguna su faɗa ciki. Kai ma ka yi haka kana yaro.

Tabki arziki ne, ba mai musun wannan. Amma cuta tana da ƙofofi uku da take bi daga tabki zuwa jikin mutum. Ta farko baki: ta nan kurkunu da atuni ke shiga. Ta biyu fata: ta nan tsargiya ke shiga, yaro ya riƙa fitsarin jini. Waɗannan biyu ka san su. Yau za mu ba ka tarihin ƙofa ta uku, wato hanci. Cutar da ke bi ta nan ba ta cika kama mutane ba. Amma wanda ta kama, da wuya ya tashi. Kuma ta daɗe tana kisa a ɓoye, ana ɗora wa sanƙarau laifi.

Abin da ido ba ya gani

Tarihin ya fara da wani mai sayar da yadi a garin Delft, cikin ƙasar Holan. Sunansa Leeuwenhoek. Ba likita ba ne. Shi dai yana da sha'awar goge ƴan ƙananan gilasai masu ƙara wa abu girma. A shekarar 1674 ya ɗebo ruwan wani tabki, ya duba ɗigo guda da gilashinsa. Sai ya ga halittu masu rai suna kai da komo a ciki. Ruwan da ido ke gani garau, ashe gari guda ne cike da jama'a.

Daga irin wannan gilashi aka samo madubin likita, wanda ake duba jini da fitsari da shi a asibiti. Da shi masana suka ga wata halitta wadda ba ta da kai, ba ta da ƙafa, ba ta da siffa tsayayya. Takan miƙa wani gefen jikinta, sauran jikin ya bi, kamar ɗigon mai a kan faranti. Ita ce aka sa wa suna amiba.

Amiba iri-iri ce, kuma yawancinsu ba ruwansu da mutum. A 1875 wani likita mai suna Lösch, a ƙasar Rasha, ya ga wata iri cikin bayan gidan wani mai fama da atuni. Tun daga nan likitoci suka ɗauka cewa amiba mai cuta ta ciki ce, ta baki take shiga. Waɗanda ke zaune cikin laka da ruwan tabki kuwa, aka ce ba su da haɗari. Kusan shekara 90 ana kan wannan zato.

Yaran Ostareliya

Ostareliya ƙasa ce mai nisa ƙwarai, can kudu maso gabas da mu, bayan teku. Tana da yankuna masu zafi da ƙarancin ruwa kamar namu. A 1961 wani yaro daga irin wannan yanki ya rasu da ciwo mai kama da sanƙarau. A 1965 wasu uku suka bi shi. Ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, amai, wuya ya sandare, sai suma, sai mutuwa cikin ƴan kwanaki. An ba su maganin sanƙarau, bai yi kome ba.

Likitoci biyu na asibitin yara na birnin Adelaide, Malcolm Fowler da Rodney Carter, ba su yarda su ce sanƙarau ne su rufe littafi ba. Suka duba ƙwaƙwalwar mamatan da madubi. Ba su ga ƙwayoyin sanƙarau ba. Amiba suka gani, tuli, ta cinye gaban ƙwaƙwalwa, daidai bisa hanci. Suka rubuta abin da suka gani a 1965. A 1970 Carter ya raɗa wa wannan amiba suna Naegleria fowleri, don girmama abokin aikinsa Fowler.

To, daga ina ta fito? An sha wuya kafin a gane. Garuruwan yankin, irin su Port Augusta, ba su da ruwan kansu. Daga kogin Murray ake turo musu ruwa cikin bututu mai tsawon fiye da kilomita 300, kuma bututun a bisa ƙasa yake, rana tana dukansa. Kafin ruwan ya iso gari ya yi ɗumi, maganin da aka zuba masa ya salance. Amiba ta sami gida. Yara suna wasa da ruwan famfo a tsakar gida, yana shiga hancinsu. Da aka gane haka, hukuma ta ƙara maganin kulorin a kan hanyar bututun, aka kuma yi ta gargaɗin iyaye. Bayan 1981 cutar ta lafa a wannan jiha.

Da labari ya bazu, likitocin wasu ƙasashe suka koma kan tsofaffin takardunsu. A Amurka, wani likita a jihar Florida mai suna Cecil Butt ya ba da labarin yara uku a 1966, dukansu sun yi iyo cikin tabkuna masu ɗumi. A jihar Virginia aka sake duba naman gawawwakin da aka adana, aka tarar amiba ta yi kisa a can tun 1937, ba wanda ya gane.

Na ƙasar Cekoslobakiya, a Turai, ya fi ban tausayi. A garin Usti akwai wani wurin iyo da aka gina cikin ɗaki, ana ɗumama ruwansa. Daga 1962 zuwa 1965 yara da matasa 16 suka mutu bayan sun yi wanka a ciki. Sai daga baya aka gane amiba ce. Bayan wasu shekaru kuma aka gano maɓoyarta: wani bango ne ya tsage, ruwa ya kwanta a bayansa inda magani ba ya kaiwa.

Ka lura da abu guda cikin duk waɗannan labarai. Cutar ba sabuwa ba ce. Sanin ta ne sabo. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda take kisa

Bari mu tsaya mu dubi ita kanta wannan amiba. Ƙanƙanuwa ce ainun. Sai ka jera hamsin ko fiye kafin su cika milimita ɗaya a kan ma'aunin ɗan lakwal. Gidanta laka da ruwan daɗi, wato wanda ba na teku ba. Abincinta wasu ƙwayoyi ne da suka fi ta ƙanƙanta. Ba neman mutum take yi ba, haɗuwa ce kawai ta rashin sa'a.

Zafi take so. Tana yaɗuwa har cikin ruwan da ya kai digiri 46 a ma'aunin zafi, inda sauran halittu da yawa ba su iya zama. Idan ruwa ya ƙafe ko sanyi ya shigo, sai ta dunƙule ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta cikin ƙasa tana jira. Da ruwa da ɗumi sun dawo, ta farka.

A can ƙuryar hancinka, daga sama, akwai wani ƙashi siriri mai huji-huji kamar rariya. Ta cikin hujin nan jijiyoyin jin ƙamshi suke wucewa zuwa ƙwaƙwalwa. Idan yaro ya yi tsalle ya tsunduma, ko ya yi nutso, ruwa yakan hau hancinsa da ƙarfi. In akwai amiba a ciki, tana iya maƙalewa a can sama, ta bi jijiyar, ta ratsa rariyar, ta shiga ƙwaƙwalwa. Can sai ta yi ta ci tana hayayyafa. Ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga shi ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Wannan kumburi shi ke kisa.

Ciwon yakan fara kamar kwana 5 bayan shigar ruwan. Wani lokaci kwana 1, wani lokaci har kwana 12. Daga farawarsa zuwa mutuwa ma yawanci kamar kwana 5 ne.

Ga abubuwa biyu da za su kwantar maka da hankali. Shan ruwan ba ya kawo wannan ciwo, ko da yake yana kawo wasu. Kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Mai jinya ya zauna kusa da majinyacinsa ba tsoro.

Ta ɓulla a Zariya

Wataƙila ka ce wannan ciwon Turawa ne, na masu wurin iyo da bututu. A'a. A ƙasar Hausa ma an kama ta da hannu cikin miya.

A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a arewacin Najeriya, akwai wasu likitoci da suka karanta labarin Ostareliya, cikinsu har da R. V. Lawande. Zariya kuwa ƙasar sanƙarau ce kamar tamu. Duk rani ana kawo masu sandararren wuya. Abu mai sauƙi ne a ce duka sanƙarau ne. Su dai suka sa ido.

A 1979 suka rubuta labarin wani ƙaramin yaro da aka kawo musu lokacin hunturu. Suka ɗebi ruwan ƙashin bayansa, suka sami amiba a ciki, suka same ta kuma cikin hancinsa. An ba shi magani, bai tashi ba. Abin mamaki, yaron nan bai yi iyo ba. Likitocin suka yi zaton ƙurar hunturu ce ta kai masa amiba mai ɓawo cikin hanci. Suka bi wannan zato, suka duba hancin wasu yara lokacin hazo. Suka sami amiba irin na ƙasa a hancin waɗansu, alhali ba su kamu da wannan ciwo ba. Daga baya suka same su har cikin iskar hunturu. Wannan ya nuna mana cewa amiba tana cikin ƙasarmu da ƙurarmu, amma ba duk wanda ya gamu da ita ne take kayarwa ba.

A 1980 suka rubuta wani labari wanda ya fi shafar ka, kai manomi. Wani magidanci ne aka kawo da irin wannan ciwo. Shi ma ba iyo ya yi ba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar yana da ɗan tabki da aka haƙa a gonarsa. Da ruwan nan yake alwala in lokacin salla ya same shi a gona, yana shaƙa shi a hanci. Likitocin suka ce ta nan amiba ta sami hanya.

Ka dubi wannan da kyau. Ramin ruwa a gona, rana tana dukansa tun safe, laka a ƙasansa. Ba ka san irinsa ba? Akwai shi a garkunan Tabkin Sau, a Dogon Dutsi. Akwai shi a gonakin rake na kudancin dallol, inda ruwa ba ya da nisa. Akwai kududdufi a bayan kusan kowane gari, inda aka ɗebi ƙasar gini. Zafin Afirilu da Mayu kuwa, wanda ke wuce digiri 40, ba sai an gaya maka ba.

Bayan shekaru, abin da aka gani a Zariya ya bayyana a Karachi, babban birni a ƙasar Pakistan. A 2008 da 2009 wani asibiti guda ya karɓi mutum 13 masu wannan ciwo. Yawancinsu samari ne da magidanta, kuma kusan dukansu ba su yi iyo ba. Bincike ya karkata ga ruwan famfo da na tankuna wanda ba shi da isasshen magani, wanda ake wanka da alwala da shi lokacin zafi. Laifin ba na alwala ba ne. Laifin na ruwan ne.

Rigar sanƙarau

Me ya sa wannan cuta ta iya ɓuya haka? Domin rigar sanƙarau take sawa. Alamunsu ɗaya ne. Ko ruwan ƙashin baya, in aka ɗebo, kamarsu ɗaya, gurɓatacce. Sai an ɗiga shi a ƙarƙashin madubi tun yana sabo, mai dubawa kuma ya san abin da yake nema, sannan zai ga amiba tana motsi.

Mu kuwa mun san sanƙarau. Nijar tana tsakiyar ƙasashen da yake addaba. An yi babbar annoba a 1995. An fara sabuwar allurar rigakafi a 2010, ta karya lagon irin da ya fi yawa a da. A 2015 wani iri ya taso, ya kama mutum wajen 8,500 a ƙasar, fiye da 500 suka rasu. Dogon Dutsi tana cikin wuraren da abin ya shafa.

Bambancin shi ne: sanƙarau yana da allurar rigakafi, yana da magani mai ci in an zo da wuri, kuma yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ciwon amiba ba shi da allurar rigakafi, kuma maganin sanƙarau ba ya taɓa shi. Nasa maganin dabam ne. A Amurka, duk da asibitocinsu, daga 1962 zuwa 2023 an ƙidaya mutum 164 da suka kamu. Huɗu kaɗai suka rayu.

Wannan lissafi yana gaya maka abu biyu. Na farko, ciwon ba shi da yawa: mutum 164 cikin shekara 62, a ƙasar da miliyoyi ke iyo kowace bazara. Zazzaɓin sauro da tsargiya da nutsewa a ruwa sun fi shi ɓarna nesa ba kusa ba. Na biyu, in ya kama, lokaci kaɗan ne. Waɗanda suka rayu, yawanci an gane ciwonsu da wuri. Wata yarinya a California ta tashi a 1978 da wani magani mai suna amphotericin B. Wata a Arkansas ta tashi a 2013, bayan an haɗa mata da wani mai suna miltefosine, aka kuma sanyaya jikinta don rage kumburi. A 2024 wani yaro ɗan shekara 14 ya tashi a jihar Kerala ta Indiya. Likitocinsa sun yi zaton amiba tun farko, domin an gaya musu ya yi wanka a tabki.

Riƙe wannan magana ta ƙarshe. An gaya musu.

Abin da ke hannunka

Ba mu ce a bar tabki ba. Wanda ya ce haka bai san ƙauye ba. Kuma ba wanda zai iya kashe amiba cikin tabki duka. Amma ƙofa ɗaya take bi, ƙofar kuma a fuskarka take.

Ka koya wa yaranka su riƙa toshe hanci da yatsu in za su tsunduma. Su bar nutso da kai cikin ruwa mai ɗumi wanda ya ja baya, musamman lokacin bazara da zafin ƙarshen damina. Su bar tona laka da dama ta, don a can amiba ta fi zama. Uwa mai yi wa jariri wanka ta kiyaye kada ruwa ya hau hancinsa.

In za ka gona, ka tafi da butarka cike da ruwa mai tsabta daga gida. Kada ka shaƙi ruwan kududdufi ko na ramin garka. Ruwan da ya fi aminci ga hanci shi ne wanda aka tafasa ya yi minti ɗaya yana tafasa, aka bar shi ya huce cikin mazubi mai murfi. Tacewa da ƙyalle tana hana kurkunu, amma ba ta tare amiba, don ta fi ramin saƙa ƙanƙanta. In kana da tambaya kan hukuncin alwala a inda babu ruwa mai kyau, ka nufi malamin garinku.

Buta da randa da jarka da tankin ruwa, a riƙa wanke su. Kada a bar ruwa ya kwana ya wuni cikin rana har gansakuka ta fito.

In kuwa wani naka ya kwanta da ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da amai, wuyansa ya ƙi lanƙwasa, ko ya fara sambatu, kada a jira gobe. Kada a tsaya tsaga ko turare. A sa shi a amalanke ko babur a kai shi gidan likita a ranar. Galibi za a tarar sanƙarau ne ko zazzaɓin sauro mai hawa kai, su kuwa suna da magani. Amma ka buɗe baki ka gaya wa majo: yaron nan ya yi wanka a tabki kaza, ran kaza. Ko kuwa: mutumin nan da ruwan rami yake alwala. Likita ba ya ganin tabkin garinku daga ɗakinsa. Kai ne idonsa.

Dattawa ba su manta da kurkunu ba, yadda yake kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma. Shi ma ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Mutanen ƙauye ne suka koyi hanyarsa, suka tace ruwa, suka hana mai kurkunu shiga tabki. A 2008 aka ga na ƙarshe da ya kamu a cikin Nijar. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da shi. Amiba ba za ta ƙare kamar kurkunu ba, don ita a laka take zaune, ba a jikin mutum ba. Amma makamin ɗaya ne: a san hanyar cuta, a toshe ta.

Fowler da Carter sun gani don sun duba. Likitocin Zariya sun gani don sun karanta abin da waɗancan suka rubuta. Yau ga shi kai ma ka karanta da kanka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In an taru a dandali da dare, ka karanta wa waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Ka fara da iyayen yaran da ke zuwa tabki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.